Godiya ga ma'aikatan wurin wankan magani na Maulay Yaƙub, ƙasar Maroko

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga likitoci da ma'aikatan jinya da masu kula da ɗakunan wanka na Maulay Yaƙub. Na rubuto ne a madadin mahaifiyata, Hajiya, wadda tun ranar da muka sauka Kano take yi mini tuni cewa kada alherin mutanen nan ya tafi ba a faɗa ba.

Ziyara ce ta kai mu birnin Fas, wurin kabarin Shehu Ahmad Tijjani, wanda ya rasu a 1815. Shekara da shekaru Hajiya tana wannan buri. To amma duk wanda ya san tsohon garin Fas ya san mota ba ta shiga lungunansa, ga hawa ga gangara. Ita kuwa ta haura saba'in, sanyin ƙashi ya kama gwiwoyinta da yatsunta. Ranar farko sai da muka yi zango biyar kafin mu isa zawiya, ta dawo masauki ba ta iya ko riƙe kofin shayi. Mai masaukinmu ne ya ce mu gwada ruwan Maulay Yaƙub, kimanin kilomita 20 daga Fas.

Tun kafin mu shiga warin ruwan ya tarye mu, kamar na ƙwan da ya ɓaci. Hajiya ta toshe hanci, can sai ta ce, "Ai wannan farar wuta ce." Ta gane ta, domin da ita aka yi musu maganin ƙazuwa suna yara. Haka ɗin ne kuwa: ruwa ne mai farar wuta da gishiri mai yawa, yana fitowa daga can ƙarƙashin ƙasa da zafin da ya kai digiri 54, sai an rage masa zafi kafin jikin mutum ya iya ɗauka. Masu ciwon gaɓoɓi da cututtukan fata da toshewar hanci ne suka fi zuwa.

Likitan da ya fara ganinta shi na fi jin nauyin godiyarsa. Ya auna jininta har sau biyu, ya karɓi magungunan hawan jinin da muka zo da su ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya rage mata lokacin zama cikin ruwa saboda zafi yana iya sa mai irin lalurarta jiri. Sannan ya faɗa mini gaskiya, da Larabcin da ya sassauta don in fahimta: ruwan ba zai mayar da guringuntsin da ya zaizaye ba, sai dai ya sassauta jijiyoyi ya rage raɗaɗi, kuma kada ta bar maganinta ko na kwana ɗaya. Mun sha jin masu cewa kwalba guda za ta raba ta da ciwon har abada. Wannan bawan Allah bai yi mana alkawarin abin da ba ya hannunsa ba, kuma daga nan hankalina ya kwanta.

Sai matan da ke sashen mata. Hajiya ba ta jin Larabci sai na salla, ba ta jin Faransanci, ga kunya irin ta iyayenmu. Ni kuma ba damar in shiga. Na zauna a waje zuciyata na dukan uku-uku. Da ta fito take ba ni labarin yadda wata ma'aikaciya, sa'ar jikarta, ta bar ta da zanenta, ta juya baya har ta gama shiga ruwa, ta kuma riƙe mata hannu a kowace matakala. Ita ce ta lura da zoben azurfar da ke yatsan Hajiya, ta yi mata nuni da ta cire, don farar wuta tana mayar da azurfa baƙa. Zoben na marigayi mahaifinmu ne. Yarinyar ta naɗe shi cikin hankici, ta damƙa mata a tafin hannu bayan wanka, ta ce "bissiha," kalmar da mutanen Maroko ke yi wa wanda ya fito wanka. Har yau Hajiya takan maimaita ta tana murmushi.

Kwana shida muka yi muna zuwa, ana yi mata wanka da tausa. Ba ta ajiye sanda ba, har yanzu a kan kujera take salla. Amma ranar Juma'armu ta ƙarshe ta taka zuwa zawiya da hutu ɗaya kacal, ta zauna aka yi zikirin yamma da ita, tana jan carbi da yatsun da a da ba sa lanƙwasuwa.

Ta ce in gaya muku tana sa ku a addu'a bayan kowace wazifa. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabatanku, Ya yi wa zuri'arku albarka.

Naku,
Ɗan Hajiya, daga Kano.