A koya wa ɗalibanmu sanin gauraka tun bai ɓace daga fadamunmu ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi kira ga ma'aikatun ilimi na Jigawa da Yobe da Borno, da 'yan'uwana malaman makaranta, a kan gauraka, tsuntsun da iyayenmu suka tashi suna jin kukansa a bakin fadama, amma yau 'ya'yanmu ba su san ko kamanninsa ba.

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare da ke kusa da fadamar Haɗejiya da Nguru. A zangon karatun da ya wuce na nuna wa ɗalibaina hoton gauraka, da dogayen ƙafafunsa da tukkunsa mai ruwan zinariya, na tambaye su sunansa, aka rasa mai amsawa. Da na shaida musu cewa shi ake ɗauka a matsayin tsuntsun Nijeriya, sai suka yi mini musu, suka ce ai mikiya ce, tunda ita suke gani a tambarin ƙasa. Ban ga laifinsu ba, domin yaro ba ya sanin abin da bai taɓa gani ba, ba a kuma taɓa ba shi labarinsa ba.

Abin da ya kori gauraka sananne ne, kuma darasi ne da ya fi wanda ke cikin littattafanmu kusa da rayuwar yaran. Tsuntsu ne da ke yin sheƙarsa da damina cikin ciyawa a kan ruwa marar zurfi, ya yi ƙwai kaɗan, galibi biyu ko uku, sannan da rani ya bi ruwa duk inda ya janye. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya busar da wurare da dama, Tafkin Chadi ya ja baya, madatsun ruwa na Tiga, wanda aka kammala a 1974, da Challawa a 1992, suka rage ambaliyar da fadama ke rayuwa da ita, ciyawar kachala kuma ta toshe magudanan da suka saura. A kan wannan aka ƙara da masu kama 'ya'yansa suna sayarwa, saboda wasu masu hali suna sha'awar ganinsa yana takawa a tsakar gidajensu. Yanzu wanda ke son ganin garken gauraki sai ya dangana da Waza a Kamaru ko Zakuma a Chadi.

Gauraka yana da dangi, domin iri 15 ne a duniya, kuma akwai wani mai launin toka da ke tasowa daga Yukiren da kudancin Rasha, ya yi tafiyar dubban kilomitoci domin ya yi hunturu a Chadi da Sudan. Idan malami zai bayyana wannan, ba ya bukatar ya yi nisa, ya fara da shamuwa. Kowane yaro a karkara ya san zuwanta alamar damina ce, ya kuma san ba a jifanta, ba a taɓa sheƙarta. Daga nan sai a tambaye shi inda take zuwa idan ruwa ya ɗauke, a nuna masa kudancin Afirka a taswira, sai ya gane cewa tsuntsu mai ƙaura amana ne tsakanin ƙasashe, wanda idan ɗaya ta ci amanar, duk sauran sun yi asara. Malaman addini ma suna da abin faɗa, tunda Alƙur'ani a Suratul An'am ya kira tsuntsaye al'ummomi irinmu.

Roƙona ba ya cin kuɗi mai yawa. Tafkin Nguru yana cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayin da ƙasashen duniya suka amince suna da muhimmanci, tun shekarar 2000, ga kuma mafakar tsuntsaye ta Dagona a ƙasar Bade, amma ɗaliban da ke makwabtaka da su ba a kai su. A ware ranar 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya, lokacin da baƙin tsuntsaye suka cika fadama, a fita da yara su ƙirga abin da suka gani, su rubuta a littafin da makaranta za ta adana shekara bayan shekara. A gayyato tsofaffin masunta da makiyaya cikin aji su faɗi inda gauraki suke sauka a da, da sunayen tsuntsayen da Hausa da Badanci da Kanuri da Fulatanci, tun masu wannan sani suna raye. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Jos tana da masanan da ya kamata ma'aikatun ilimi su nema domin su horar da mu, mu kuma a shirye muke mu je ko da lokacin hutu ne.

Na gode.

Wani malamin makaranta,
daga Jihar Yobe.