Ta'aziyyar Baba Rajistara, tunda ba wanda zai saya masa shafi a jarida

Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi ta'aziyyar wani dattijo da muka rasa a nan Bauchi kwanakin baya, don na san in ban rubuto ba to ba mai rubutowa. Ba alƙali ba ne, ba lauya ba ne, rajistaran kotu ne mai ritaya. In babban joji ko Girandi Kadi ya rasu za ka ga an sayi shafi guda an manna hotonsa, har zaman kotu na musamman ake yi lauyoyi su sa baƙaƙen riguna a yi ta jawabai, amma rajistara ko akawu ko masinja sai dai a yi masa sallah a ƙofar gida, a yi sadakar uku a watse. Ba zan kama sunansa ba saboda iyalinsa ba masu son fitowa jarida ba ne, mu dai da muka tashi a hannunsa Baba Rajistara muke ce masa, har alƙalan ma haka suke kiransa.

Ya shiga aikin kotu tun muna Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an kai Maiduguri, kafin Murtala ya ba mu jihar Bauchi a 1976. Ya zauna a Ningi, ya zauna a Misau da Azare, daga baya aka dawo da shi cikin gari, nan ya cika shekara 35 ɗinsa ya ajiye aiki. Yana cikin waɗanda suka yi aikin tantance fayiloli a 1996 da aka cire Gombe, kowace ƙara a bi ta inda ta fito, ta Dukku ta koma, ta Kaltungo da Bajoga su koma, kuma har ya rasu yana alfahari wai ba takardar da ta salwanta a ɗaurin da ya bi ta hannunsa. Da aka zo 2001 aka mai da kotunan Eriya na Shari'a ya ce mana allon ƙofa ne za a sake, amma rasit yana nan rasit, littafi yana nan littafi.

Mutane da yawa ba su san aikin rajistara ba, ɗauka suke mai buga hatimi ne kawai. Wallahi kafin talaka ya ga fuskar alƙali sai ya fara ganin tasa. Shi zai karɓi ƙararka ya ba ta lamba, ya yanka maka rasit, ya fitar da sammaci, ya sa rana, shi ke ajiye shaidun da aka kawo, in an yanke hukunci ba ka gamsu ba za ka ɗaukaka ƙara to shi ne zai haɗa kwafin duk abin da aka yi a zaman ya tura kotu ta gaba, kuma in bai tura ba sai maganar ta yi ta jan ƙafa. A zamaninsu ƙarar da ta wuce babbar kotu sai kotun ɗaukaka ƙara da ke Jos, ka ga kuwa shafi ɗaya in ya ɓace a hanya mutum ya yi asarar gonar ubansa, ko ya ƙara shekara a gidan yari yana jiran shari'a. Duk surutun da ake yi a kan alƙalai, ni da na yi aikin nan na sani rabin zaluncin kotu a ɗakin fayil ake yinsa, ba a kan kujerar alƙali ba.

Shi ya sa Baba bai yarda da fin ko kilif ba. Da basilla da zare yake ɗinke fayil, ya sa wa kowane shafi lamba da jan biro a kusurwa, in ka cire ɗaya a take za a gane. In yaro ya gama rubuta bayani ba ya karɓa ya karanta da kansa, sai ya jingina ya rufe ido ya ce "Yaro, karanto min da ƙarfi, a Hausa, yadda mai ƙarar zai ji." In ka yi tuntuɓe a wani wuri sai ya ce to nan ne ba ka fahimta ba, koma ka tambayi mai maganar kafin ya hau mota. Waɗanda suka fito daga kwalejin shari'a ta A.D. Rufa'i da ke Misau da takardarsu ta difloma sukan ji haushin wannan a satin farko, su ga kamar an mai da su 'yan firamare. Yau wasunsu alƙalai ne, kuma ranar jana'iza su ne a gaba wajen ɗaukar makara.

Akwai wata tsohuwa da ta zo daga ƙauye kan maganar gado, aka gama lafiya ta samu haƙƙinta, bayan sati sai ga ta da zabi biyu a ɗaure da ƙwaryar ƙwai. Baba bai kore ta ba kuma bai yi mata wa'azi ba, ya ce "Iya, nawa ake sai da zabo yanzu a kasuwarku?" ta faɗa, ya ƙirga kuɗin cif ya damƙa mata ya ƙara na mota, tana ta rantsuwa tana "ɗan nan ai kyauta na kawo," shi kuma yana cewa ai ya sani, shi ma kyauta ya ba ta. Masu shawagi a bakin ofis kuwa, irin 'yan "kawo in shigar maka", ko gaisuwar kirki ba sa samu, yakan ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, sai kuma ya yi dariya ya ce a gafarce shi ya ɓata wa karnuka suna.

To nan ne inda wasu suka yi ta ƙorafi a kansa. Baba mutum ne mai son karnuka, so na gaske ba na gadi kaɗai ba, duk da dai yana da 'yar gona da tumaki a bayan gari ta hanyar Dass. Karnukan gida ne irin namu na mafarauta, ba irin na Turawa masu cin kuɗi ba, biyun ƙarshe ya sa musu Sammaci da Beli. Kullum in zai taso daga aiki sai ya biya ta Wunti wajen mahauta an tara masa ƙashi a leda, ya ɗaure a bayan tsohuwar Vespa ɗinsa, da yamma za ka same shi a tsugune yana cire musu kaska ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a gwangwanin kananzir. Kwanonsu daban, wurin kwanansu can gefen garke, ba sa shiga ɗaki balle wurin sallah. Duk da haka an yi ta cewa dattijo mai gemu, mai sahun gaba, me ya haɗa shi da kare. Ba ya dogon musu. Sai ya ce mu Malikawa ne, a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, in ya sa baki a ƙwarya a wanke sau bakwai kamar yadda aka umarta, kuma an yarda a ajiye na farauta da na kiwo da na gona, sannan ya tuna maka hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishi. Wanda bai gamsu ba ya ce masa Allah ya ba mu alheri.

Ni a ganina ma ya fi masu sukar tasa amfani ga unguwa a wannan fannin, don duk shekara sai ya kai nasa asibitin dabbobi an yi musu allurar haukar kare, irin wadda ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, ya ajiye katin a fayil (har karnukan suna da fayil, wallahi ba wasa nake ba), ya kuma bi mafarautan unguwa yana matsa musu su kai nasu. Ranar da wani karen bola ya ciji yaron maƙwabta ana ta neman a ciro gashin karen a ƙona a shafa, shi ne ya janye yaron zuwa famfo ya yi ta wanke wurin da sabulu kusan minti 15 sannan ya ɗauke shi sai asibiti aka fara allura, yana faɗa yana cewa ciwon nan in ya riga ya bayyana babu magani. Abin da ba ya jurewa shi ne ya ga yara suna jifan kare don wasa, nan kam za ka ji muryar da ko a kotu ba mu taɓa ji ba.

Lokacin yajin aikin ma'aikatan kotu na 2021, wanda aka rufe kotunan ƙasar nan kusan wata biyu kan 'yancin kuɗin ɓangaren shari'a, ya riga ya daɗe da ritaya, ya goyi bayan yaransa amma abin da yake ta tambaya shi ne wa ke leƙa ɗakin fayil, ga damina ta kawo kai ga gara.

Roƙona ga shugabannin shari'a na Bauchi da Gombe, irin su Baba ba su ƙare ba tukuna, akwai tsofaffin rajistarori suna nan zaune a gida ba mai neman su. Yanzu ana ta maganar mai da komai kwamfuta, madalla, amma a kira su su zauna da sababbin ɗauka ko na wata ɗaya ne a biya su ɗan alawus, don yaron da bai iya riƙe takarda ba in ka ba shi kwamfuta ma haka zai yi da ita.

Cikin karnukan nasa, Sammaci ya riga shi mutuwa, Beli kuma wani tsohon masinjansa ne ya ɗauka ya kai gonarsa, an haɗa masa da katin allurar. Allah ya jiƙan Baba ya yi masa rahama, ya sa Aljanna ce makoma, ya ba Hajiya da yaran haƙurin rashi. Wanda yake binsa wani abu ya tuntuɓi iyalin.

Naku,
wani tsohon akawun kotu, daga Bauchi.