Hukuncin da Aka Bari a Takarda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari muhawarar da kuka watsa kan 'yancin alƙalai a ƙarƙashin mulkin jam'iyya ɗaya, kuma ina neman ku ba ni dama in ƙara wani abu daga nan Ndjamena, domin masu muhawarar sun tsaya ne kan ko alƙali zai iya yanke hukuncin da bai yi wa gwamnati daɗi ba, suka bar tambayar da ta fi damun talaka, wato wa zai zartar da hukuncin bayan an yanke shi.

Mu a Chadi mun san mulkin jam'iyya ɗaya ciki da bai. Shugaban ƙasarmu na farko, Tombalbaye, ya haramta jam'iyyun adawa a 1962, ya bar jam'iyyarsa ta PPT ita kaɗai. Hissène Habré, wanda ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990, ya kafa tasa jam'iyyar tilo, UNIR, a 1984, kuma hukumar 'yan sandan sirrinsa ta DDS ba ta amsa wa kowace kotu sai shi kansa. Mutum yana iya shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa da aka gina a wani tsohon wurin ninƙaya ba tare da an kai shi gaban alƙali ko sau ɗaya ba. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta cewa mutane kusan 40,000 sun halaka. A irin wannan yanayi, kotu ba ta da abin da za ta zartar tun farko.

Bayan haka ne aka samu abin da wasu ke kafa hujja da shi cewa alƙalanmu sun samu 'yanci. Ranar 25 ga Maris 2015, kotun manyan laifuka ta Ndjamena ta samu tsofaffin jami'an DDS 20 da laifi, ciki har da Saleh Younous da Mahamat Djibrine waɗanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai. Kotun ta umarci a biya waɗanda aka zalunta, su kimanin 7,000, diyyar sefa biliyan 75, rabi daga gwamnati rabi daga masu laifin, ta kuma ce a gina wurin tunawa da mamata a mayar da hedikwatar DDS gidan tarihi. Ban musa jarumtar waɗannan alƙalai ba, kuma ban manta da lauyar waɗanda aka zalunta, Jacqueline Moudeina, da ta sha gurneti a 2001 ta kuma ci gaba da riƙe shari'ar ba.

Amma shekaru suka yi ta wucewa ba a biya ko sisi ba. Akwai wata dattijuwa a unguwarmu da aka ɗauke mijinta a wancan zamani, tana ajiye takardunta na shari'ar cikin leda a ƙasan akwatin tufafinta, kuma duk sanda ta ji labarin taron waɗanda aka zalunta sai ta ɗauko ledar ta tafi, ta dawo da yamma ƙafafunta sun kumbura. Da yawa daga abokan tafiyarta sun rasu suna jira. Sai a 2024 aka fara rabon sefa biliyan 10, adadin da bai kai sulusin kason da aka ɗora wa gwamnati kaɗai ba. Hukuncin kotun musamman ta Afirka da ta zauna a Dakar, Senegal, wadda ta ɗaure Habré rai da rai a 2016 ta kuma tabbatar da diyyar sefa biliyan 82 a 2017, shi ma diyyarsa ba ta kai hannun masu ita ba har Habré ya mutu a 2021.

Dalilin a bayyane yake. Alƙali ba shi da jandarma, ba shi da baitulmali. Idan hukunci ya faɗa kan gwamnati, ita ce ake jira ta zartar da shi a kan kanta, kuma idan jam'iyya ɗaya ce ke riƙe da fadar shugaban ƙasa da majalisa, kamar yadda jam'iyyar MPS mai mulki ta mamaye siyasarmu tun 1990, babu ɗan majalisar da zai tilasta a saka kuɗin diyya cikin kasafin shekara. An soke dokar jam'iyya ɗaya, amma ɗabi'arta ta ganin gwamnati ta fi ƙarfin kotu ba ta gushe ba.

Saboda haka ina roƙon ku sake shirya muhawarar, ku gayyaci wakilin ma'aikatar kuɗi da na ƙungiyar waɗanda aka zalunta, ku tambaye su a fili yaushe za a biya ragowar diyyar kuma ina aka kwana kan gidan tarihin da kotu ta umarta.

Naku mai saurare,
daga Ndjamena, Chadi