Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Gombe kan sa ido a bakin kwazazzabai

Mai girma Gwamna, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, duk wanda ya san yadda kwarin da ya taso daga Jami'ar Jihar Gombe ya ratsa Malam Inna yake a da, ya san an yi aiki. Shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa ya ɗaure shi da kankare, shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa kuma ya kama kwarin wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE). Ga bishiyoyin shirin dashen itatuwa na 3G (Gombe Goes Green) da aka fara dasawa tun 2019. Allah ya saka da alheri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne: wa ke duba waɗannan ayyuka bayan 'yan kwangila sun kwashe kayansu?

Garin Gombe a kwari yake zaune, ƙasarsa kuwa rairayi ce mai saurin sakin jiki. Ruwa na gangarowa daga tudun yamma da ƙarfinsa. Idan ya iske kwalbati cike da ledar fiya wata, robobin lemo da sharar gida, sai ya nemi wata hanya, ya bi ta bayan kankaren yana ƙwaƙule ƙasar da ke riƙe da shi. Tsagar da yau yatsa ne kawai zai shiga, kafin marka ta wuce ta zama ramin da zai ci katangar wani. Ga masu ɗibar yashi a gindin gaɓa, su ma suna ƙara wa abin gudu.

Injiniyan ma'aikata ba zai iya kewaye kowane lungu bayan kowane ruwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai matasa a Pantami, Bolari, Kagarawal da sauran unguwanni da ke fitowa yashe magudanai don Allah. Su nake roƙo a mayar 'yan sa-kai masu sa ido. Aikin ba shi da wuya: a kafa turken ƙarfe nesa kaɗan da bakin kwari, duk lokacin da aka ɗauke ruwa a ja igiyar awo daga turken zuwa gaɓa, a rubuta a littafi da kwanan wata, a ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya. A rubuta inda shara ta toshe, da bishiyar da awaki suka cinye. Cikin damina guda za a gane gaɓar da ke ci da sauri da wadda ta tsaya.

Amma rahoton da babu mai karɓa, banza ne, kuma shi ke kashe wa matashi gwiwa. Don haka a ware jami'i a hukumar kare muhalli ta jiha (GOSEPA) ko Ma'aikatar Muhalli, da lambar waya da kowa ya sani, wanda zai amsa cikin kwanaki kaɗan. A sa masu unguwanni su gabatar da yaran, don kada mai zubar da shara ya ce musu "wa ya aike ku?" A ba su takalman roba, safar hannu da shebur, a kuma gargaɗe su kada su kusanci gaɓa ana cikin ruwa. Inda aka hana zubar da shara a kwari, a ajiye wa mutane bola kusa, a riƙa kwashewa.

Ina roƙon a kafa turakan nan cikin watan Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalam,
Wani mazaunin garin Gombe