Zazzaɓi da ruɗewa: jinkirin kwana biyu na iya cinye tunanin mutum

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin jama'a da abokan aikinmu na asibiti kan kumburin ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin bairos ke haddasawa, da kuma mantuwar da yake bar wa wanda ya rayu.

Farkon ciwon ba ya tayar da hankalin kowa. Zazzaɓi ne da ciwon kai na kwana biyu ko uku. Daga nan sai hali ya canja: mutum ya fara sambatu, ya kasa gane iyalinsa, ya ce yana jin warin da babu wanda ke ji, magana ta sarƙe masa, ko jijjiga ta kama shi. A gida sai a ce iska ce ko sammu. A asibiti kuma a ce maleriya ce ta hau kai, ko taifot. Ba mu ce a bar addu'a ba, kuma gaskiya ne maleriya da sanƙarau sun fi yawa a wajenmu. Sai dai inda sauro ya yi katutu, gwaji na iya nuna ƙwayar maleriya a jinin mutum alhali ba ita ta kwantar da shi ba. Da zarar an ga gwajin ya nuna, sai a rufe tunani, a yi ta allurar maleriya ta atesunet, ƙwaƙwalwa kuma tana ci gaba da lalacewa.

Wadda ta fi damunmu ita ce ƙwayar hafis simfileks, wato mai fesar da ƙananan ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Yawancin manya suna ɗauke da ita tun ƙuruciya, tana kwance a jijiyar fuska ba ta damun kowa. Ga mutane ƙalilan ne take haurawa ƙwaƙwalwa, kuma ba sai an ga ƙurji a leɓe ba. Wurin da ta fi kai wa hari shi ne sashen da ke gefen kai saitin kunne, inda wani ɗan yanki mai suna hifokamfus yake. Wannan yanki shi ke karɓar abin da ya faru yau ya shigar da shi ma'ajiya. Shi ya sa za ka ga wanda ya tashi daga ciwon yana kawo surorin da ya haddace tun yana makarantar allo babu tuntuɓe, amma bai san ko ya karya kumallo ba, yana maimaita tambaya ɗaya sau goma kafin azahar.

Idan ba a yi magani ba, kusan bakwai cikin goma mutuwa suke yi. Idan an yi, adadin yana sauka zuwa wajen biyu cikin goma ko ƙasa da haka, kuma yawan tunanin da za a tsira da shi ya danganta da saurin farawa. Maganin shi ne asaiklobir ta jijiya. Babba ana ba shi miligiram 10 kan kowane kilo na nauyinsa, duk bayan awa 8, tsawon kwana 14 zuwa 21. Mai kilo 60 ke nan zai karɓi miligiram 600 sau uku a yini. Jariri sabon haihuwa kuwa miligiram 20 ne kan kowane kilo, kwana 21.

A nan ne ake yawan kuskure. Wasu suna jiran sakamakon gwaji kafin su fara, alhali ƙa'idar ita ce a fara cikin awoyin farko da aka yi zargin cutar, tare da maganin sanƙarau irin su seftiriyazon da na maleriya, in sakamako ya fito a janye wanda ba a buƙata. Wasu kuma saboda tsada sai su koma ƙwayar haɗiya. Ƙwayar asaiklobir ba ta wuce kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari ke shiga jini ba, don haka abin da ke isa ƙwaƙwalwa bai taka kara ya karya ba. Na shafawa kuwa ba a ma maganarsa. Akwai masu tsayar da allura a kwana na biyar don maras lafiya ya farfaɗo ya ci tuwo, sai ciwon ya dawo. Sannan maganin yana iya daskarewa a ƙoda idan aka tura shi da sauri ko jiki ya bushe. Dole a sa shi cikin ƙarin ruwa ya shiga a hankali cikin awa guda, a riƙa lura da yawan fitsari, a auna aikin ƙoda, a rage adadin idan ƙodar ta yi rauni.

Muna kuma roƙon iyalai su daina ƙin a ɗebi ruwan baya, wato ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, domin gwaji. Tsoron da ake yi wai yana shanye ƙafafu ba shi da tushe: allurar tana shiga ne a ƙugu, ƙasa da inda lakar ta ƙare, kuma abin da ake ɗiba bai fi cokali biyu ko uku na shayi ba, alhali jiki yana samar da kusan rabin lita na wannan ruwa kullum. A cikinsa ake neman ƙwayar da gwajin PCR, wato gwajin da ke gano alamar halittar ƙwayar cuta. Likita ya tuna cewa a kwana ukun farko gwajin na iya cewa babu alhali akwai, sai a sake bayan 'yan kwanaki ba tare da an dakatar da magani ba. Haka hoton ƙwaƙwalwa na na'urar CT yakan fito lafiya lau da farko. Na MRI ya fi nuna ɓarnar.

Wani abin da ba a cika sani ba: kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga wannan ciwo, cikin wata biyu zuwa uku garkuwar jikinsu takan juyo ta far wa ƙwaƙwalwa. Sai ruɗewa ta dawo, da rashin barci, da motsin baki da hannu da mutum ba ya iya tsayarwa. Sau da yawa ana ɗauka taɓin hankali ne, a ɗaure mutum a ɗaki. Wannan kumburi na biyu maganin danne garkuwar jiki yake buƙata a babban asibiti, kuma da yawa suna samun sauƙi sosai.

Ƙyanda ma tana kumbura ƙwaƙwalwar kusan yaro ɗaya cikin dubu da suka kamu, kuma babu maganin da ke kashe ƙwayarta. Rigakafin wata 9 da na wata 15 su ne kariya. Masu kukan mantuwa da kasala watanni bayan korona kuwa, galibi nasu ya fi sauƙi kuma yana raguwa a hankali, amma a duba musu ƙarancin jini, da sinadarin B12, da aikin tayirod (halittar gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo), da barci, da damuwa kafin a ɗora komai a kan korona.

Bayan sallama, aikin ya koma hannun 'yan gida. Faɗa da tsawa ba sa dawo da tunani, haka ma yawan "ka tuna ko wane ne wannan?" Idan maras lafiyar ya yi ta lalube yana kuskure, kuskuren ne ke zama masa. A gaya masa amsar kai tsaye, a maimaita. A ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a kashe rediyo in ana magana da shi. A ɗaura shan magani da cin abinci a kan lokutan salla, a sa ƙararrawa a waya, a ajiye littafi guda da ake rubuta wanda ya zo da abin da aka yi. Makulli da carbi da waya kowanne ya samu wurinsa da ba ya canjawa. Mutum ɗaya ya riƙe maganinsa, don mai mantuwa yakan sha sau biyu. Kada ya tuƙa mota ko babur, ko ya zauna shi kaɗai kusa da wuta ko rijiya, sai likita ya amince, domin farfaɗiya takan biyo baya. In jijjiga ta zo, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa cokali a baki ko a ɗura masa wani abu. In ta wuce minti biyar a nufi asibiti.

Ga ma'aikatun lafiya na jihohi, roƙonmu shi ne a ajiye asaiklobir na jijiya a sashen gaggawa na kowane babban asibiti, a sa shi cikin magungunan da inshorar lafiya ke biya har kwana 21 cif, kuma a tsara yadda ruwan bayan da aka ɗiba a ƙananan asibitoci zai isa asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri a cikin sanyi.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiya masu kula da cututtukan ƙwaƙwalwa,
Kano.