Rahoton Ayyukan Shekara: Mun Sabunta Jagoran Kai Rahoton Tangarɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Aikin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne sake rubuta jagoran da muke bai wa sababbin shiga kan yadda ake kai rahoton tangarɗa ga masu kula da buɗaɗɗun manhajoji, wato manhajojin da kowa ke iya duba yadda aka rubuta su ya kuma gyara. Tsohon jagoran ya daɗe yana aika mutane gidajen da masu su suka tashi. Yana cewa a kai matsalar Wikipedia zuwa Bugzilla, wato wani dandalin karɓar rahoton tangarɗa, alhali Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, ta koma wani dandalin mai suna Phabricator tun 2014. Manhajar GNOME ta koma dandalin GitLab a 2018, Python, wato wani yaren rubuta manhajoji, ita ma ta kwashe nata zuwa dandalin GitHub a 2022. Laifin namu ne, mun bar shi babu dubawa, kuma abin yana damunmu, domin akwai waɗanda suka bi shi suka tarar da ƙofa a rufe, suka haƙura. Manhajojin Firefox da LibreOffice dai suna nan a Bugzilla, manhajar Debian kuma har yau ta imel take karɓa.

Gyaran adireshi bai ba mu wuya ba. Inda muka daɗe shi ne kan abin da ake rubutawa. Wata 'yar uwa ta nuna mana rahoton da ta taɓa turawa: "Hausa ba ta fita daidai." Shiru, ba amsa. Muka zauna da ita muka sake shi: sunan manhajar da lambar sigarta, irin wayar, kalmar da ta buga, wato "ƙasa", abin da ta sa ran gani, da ɗan akwatin da ya fito a gurbin ƙ. Muka haɗa hoton allo, muka ƙara lambar harafin, U+0199. Mai gyaran da ke wata nahiya bai san ƙ da k ba ɗaya ba ne, sai an nuna masa. Shi ya sa yanzu jagoran ke ɗauke da lambobin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Mun ƙara gargaɗi biyu. Matsalar tsaro ba a shelanta ta, a nemi hanyar sirri da masu manhajar suka tanada. Sannan kada a tura rahoton da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta ba tare da mutum ya gwada da hannunsa ba. Daniel Stenberg, mai kula da wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna curl, ya sha kokawa kan yadda irin waɗannan rahotanni ke cinye lokacin 'yan sa-kai.

Horon sababbin membobi da aikin fassara sun ci gaba yadda aka saba.

A taro mai zuwa za mu zaɓi wanda zai riƙa bin adireshin jagoran ɗaya bayan ɗaya duk shekara. Mai sha'awa ya sanar da sakatare.