Mutumina, yau dai faranti ya fito

Salamu alaikum,

Ya gida, ya jikin Baba? Na san ka yi fushi, wata uku ba kira ba saƙo, wallahi aiki ne ya sha kaina a nan Jamus, yau kuma abin ya yi kyau shi ya sa na kasa haƙuri sai na faɗa maka.

Ka tuna na ce maka aikina a kan fuskar silikon ne, wanda ake yin ƙwayoyin sola da shi? In yana sumul kamar madubi, sama da kashi 30 cikin 100 na hasken da ya sauka a kai komawa yake yi, asara kenan. Sai mu tsoma farantin silikon ɗin a ruwan wani sinadari mai ci da ake kira KOH, mai zafi wajen digiri 80, ruwan ya ci fuskar ya bar wasu 'yan mitsi-mitsin dala irin na Masar, tsayin kowace bai wuce maikuron 5 ba (maikuron dubu ne milimita ɗaya), alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai 70. Haske in ya bugi gefen wannan dala ya yi tsalle sai ya faɗa kan maƙwabciyarta, ya samu dama ta biyu ta shiga ciki. Wata uku nake fama, kullum ya fito dabbare-dabbare, nan baƙi can ƙyalli, ashe kumfar haidurojin ce ke maƙalewa ta tare ruwan. Yau na gyara haɗin, ya fito dushi-dushi bai ɗaya, awo ya nuna kashi 11 kacal na hasken ke komawa! Da na leƙa a na'urar hangen ƙananan abubuwa na ga dalolin nan cunkus kamar kunyar gona, sai da idona ya kawo ruwa.

Kai kuma ka shekara shida kana hawa rufin mutane kana kafa sola, ba ka san dala kake ɗorawa ba, injiniya manya!

Af, wai da gaske Dogo ya kai kuɗin gaisuwa? Kuma ba wanda ya faɗa min sai a status na gani? Ka ce masa ina nan zuwa.

Ka tuna ganyen gwaza na lambun Kawu, yadda ruwa ke mirginawa a kai kamar ƙwallo ba ya jiƙa shi? Shi ma ƙananan ƙuraje ne da kakin da ke kansu, wani masanin tsirrai na birnin Bonn a nan Jamus, Wilhelm Barthlott, ya yi bayanin haka a kan ganyen lotus, wani tsiron ruwa, har an yi fenti da dabarar. Wannan ke hana ni barci yanzu, don ko an yi gilashin sola irin haka, sai da ruwa yake wanke kansa, mu kuma lokacin hunturu ƙura ce zalla ba ɗigo ko ɗaya. Don Allah in buji ya taso ka share min ƙurar kan sola ɗaya ka zuba a 'yar kwalba, ƙanin Hajiya zai taho min da ita.

Ka gaida amarya.

Naka har kullum.